Sun ɗauki bidiyonsa suna neman kuɗi, me zan ce masa kafin gobe?

Sani_MaiGyara (Garwa):
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema, kuma da gaggawa. Da yawanku kun san gyaran waya nake yi a babbar kasuwar Garwa, nan Kamaru. Yau bayan la'asar wani yaro da na sani tun yana rarrafe ya zo shagona, ya tsaya gefe har mutane suka ragu, sannan ya miƙo min waya hannunsa na rawa. Ya ce in taimaka in goge masa wani bidiyo daga intanet. Shekarunsa 26, yana da ɗan shagonsa, an sa ranar aurensa bayan babbar Sallah.

A wata manhajar neman abokan hira ya haɗu da wata. Kwana uku suna rubutu, sai ta ce su koma kiran bidiyo. Cikin dare ta kira, ta fara tuɓewa, ta ce shi ma ya yi. Ko minti biyu ba a yi ba kiran ya yanke. Nan take aka turo masa bidiyonsa, fuskarsa tar, tare da jerin sunayen 'yan'uwansa, har da yarinyar da zai aura da yayanta. Aka ce jaka 50 na sefa. Ya tura. Washegari aka ce 100, ya ci bashi ya tura. Yanzu sun ce jaka 300 kafin azahar ɗin gobe, in ba haka ba su watsa.

Ni allo da batir da wurin caji na sani, wannan ya fi ƙarfina. Ana iya gogewa? Ya biya ko kar ya biya? Shi ne na uku da ya zo min da irin wannan a bana. Don Allah kar kowa ya tambaye ni ko wane ne.

ɗanDang:
Wa alaikumus salam Yaya Sani. Kar ya ƙara tura ko dala ɗaya. Kuɗin farko da ya tura shi ya nuna musu cewa yana jin tsoro kuma yana da inda zai samo, shi ya sa 50 ta zama 100 ta zama 300. Babu adadin da zai biya su goge, domin bidiyon shi ne jarinsu.

Abin da zai yi yau da dare: kar ya goge hirar. Ya ɗauki hoton duk saƙonnin, da lambobin da suka kira shi, da sunan shafin, da saƙon shaidar tura kuɗi. Bayan ya adana su, ya kai rahoton shafin a cikin manhajar, ya toshe su ko'ina, ya daina amsawa. Ko roƙo, ko zagi, ko "ku ba ni kwana biyu", duk kar ya rubuta. Sai ya shiga Facebook ɗinsa ya mayar da jerin abokai yadda shi kaɗai ke gani, ko ma ya rufe shafin na ɗan lokaci. Yawanci daga nan suke kwashe sunayen dangi.

Malam_Buba_Marwa:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kafin a yi maganar toshewa da gogewa, a faɗi gaskiya. Me ya kai shi? Allah cewa Ya yi kada ku kusanci zina, bai ce kada ku yi kawai ba. Mutum da waya a ɗaki cikin dare da macen da ba muharramarsa ba, wannan keɓewa ce ko da tana bayan teku. Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne. Ina tsoron zauren nan ya koma wurin koya wa yara yadda za su yi saɓo ba a gane su ba.

Hajiya_Domayo:
Malam, Allah ya ƙara ilimi, ba wanda ya ce abin da yaron ya yi daidai ne. Amma wanda ya faɗa rijiya, fito da shi ake fara yi, faɗa ya biyo baya. Kai ka fi ni sanin cewa wanda ya rufa asirin musulmi Allah zai rufa nasa. Sani ɗana, abin da ya fi damuna shi ne kar a bar yaron nan shi kaɗai yau. Kunya tana sa mutum ya yi wa kansa abin da maƙiyi bai yi masa ba. Ka kai shi gidanka ya kwana, ka tabbata ya ci abinci, ka riƙe wayar a hannunka zuwa safe.

Malam_Buba_Marwa:
Na karɓa Hajiya. A rufa masa asiri, wajibi ne. Kuma duk wanda aka turo wa bidiyon ya tura wa wani, ya sani ya shiga cikin masu son alfasha ta yaɗu tsakanin muminai, Suratun Nur ta yi magana a kansu. Amma ina nan a kan bakata, mafi amincin hanya ita ce kar a shiga.

Injiniya_Farcha (Njamena):
Malam Sani, ka gaya masa da wuya in akwai wata mace a wancan kiran. Bidiyo ne da aka naɗa tuntuni, ake kunna shi ta wata manhaja da ke shiga a matsayin kyamara, mutumin kuma yana naɗar fuskar wayarsa a lokaci guda. Shi ya sa ba ta magana, sai rubutu, ana ce maka makirfo ya lalace ko iyaye na barci. Shi ya sa kuma kiran ke yankewa da zarar fuska da jiki sun fito tare. Ba shi kaɗai suke yi wa ba, sana'a ce, mutum ɗaya na iya riƙe mutane da yawa a dare ɗaya. A watan Yulin 2024 kamfanin Meta ya ce ya rufe shafukan Instagram kimanin 63,000 a Najeriya saboda wannan aikin kaɗai.

Batun gogewa kuma, abin da ke wayarsu ba mai iya gogewa. Amma akwai StopNCII.org, wanda aka buɗe a ƙarshen 2021 don waɗanda suka kai shekara 18. Tunda sun turo masa bidiyon, zai zaɓe shi a wayarsa, shafin ya fitar masa da wata lamba mai kama da tambarin yatsa. Bidiyon ba ya barin wayar, lambar ce kawai ke tafiya. Facebook da Instagram da TikTok da wasu shafuka suna amfani da lambar don gano bidiyon in an yi ƙoƙarin ɗora shi. Kyauta ne. Iyakarsa ita ce ba ya hana a tura wa mutum kai tsaye ta WhatsApp, saboda saƙonnin can a kulle suke. Wanda bai kai 18 ba a lokacin da aka ɗauki hoton, nasa shafin shi ne Take It Down.

Sani_MaiGyara (Garwa):
Na gode ƙwarai. Hajiya, yana nan tare da ni, mun yi isha'i. Injiniya, akwai wani da ya yi masa magana a intanet ya ce shi gwani ne, zai shiga wayar mutanen ya goge komai a kan jaka 40. Ya kuke gani?

Injiniya_Farcha (Njamena):
Ƙarya ce. Ko dai su ɗin ne da wata riga, ko wani ɓarawon da ke bin sawun waɗanda aka riga aka cuta. Ya toshe shi shi ma.

Alhaji_Kusiri:
Ni tun farko na san 'yan Najeriya ne. 'Yan Yahu sun hana kowa sakat.

MaiKiyos_Yelwa:
Alhaji a yi hattara da wannan magana. Rabin zauren nan muna da dangi a Mubi da Yola da Kano. A Abijan ma akwai masu wannan sana'a, har suna gare su, burutar, mu ma nan ai mun san 'yan damfarar da ake kira feyiman tun kafin waya ta zo. Kuma Yaya Sani ya duba, lambar da aka tura wa kuɗin ta wace ƙasa ce? In ta waya ya tura kai tsaye, akwai yiwuwar akwai mai karɓa a cikin ƙasar nan.

Ni aikina ke nan, tura kuɗi da cirewa. In za ka tura ta Orange Money ko MoMo, sunan mai layin yana fitowa. Ya adana sunan da lambar shaidar cinikin da ke cikin saƙon. Kar dai ya sa rai da yawa a kan sunan, don irin mutanen nan da katin ɗan ƙasan da wani ya yar ko aka sace suke buɗe layi, kuma kuɗin ba ya kwana. Duk da haka hujja ce.

Abin nan kuma kaifi biyu gare shi, ina so 'yan mata su ji. Duk wanda ka ba lambarka, ya isa ya yi kamar zai tura maka dala ashirin, cikakken sunanka na katin ɗan ƙasa ya bayyana masa, sai ya fasa turawa. Kina can kin ce masa sunanki wani abu daban, shi kuwa ya riga ya san sunan mahaifinki.

Maman_Ihsan:
Wallahi ban taɓa tunanin wannan ba. Na gode ɗan'uwa.

Tunda an taɓo mata bari in ce wani abu, ko da Malam zai yi min faɗa. Ba duk mai shiga manhajar neman aure ne ɗan iska ba. Ni bazawara ce, 'ya'yana biyu, shekara huɗu da rabuwa. A unguwa kowa ya san ni, wanda zai zo ko dai tsoho ne mai mata uku ko mai son wasa. Na shiga wata manhaja da niyyar aure tsakanina da Allah. Na haɗu da mutanen kirki, na kuma haɗu da wanda ya kusa sa ni kuka da idona. Wata biyu muna magana, ya san sunayen yarana, yana tambayar jikin mahaifiyata, ya ce yana aiki a Faransa. Sai ya fara: turo hoto ba ɗankwali, ai ni mijinki ne in sha Allah. Da na ƙi, ya yi fushi kwana biyu, ya dawo da lallashi. Ya ce in turo irin wanda ake gani sau ɗaya ya ɓace. Allah ya taimake ni ƙanwata ta ce min, Yaya, in yana da waya ta biyu fa? Ai ɗaukar hoton fuskar wayar kawai zai yi. Ranar na toshe shi, na yi kwana uku ba na iya cin abinci, don na riga na sa shi a raina.

Abin da na koya, mai son aure ba ya gudun waliyyi. Yanzu duk wanda ya wuce sati biyu muna magana, lambar yayana nake ba shi. Mafi yawa daga nan ba na sake jin ɗuriyarsu.

Malam_Buba_Marwa:
Ba zan yi miki faɗa ba 'yar'uwa. Neman aure halal ne, kuma abin da kika yi na sa waliyyi shi ne daidai. Allah ya kawo nagari.

ɗanDang:
Anti Maman_Ihsan, wasu manhajojin musulmi kamar Muzz suna da wurin da za ki sa waliyyi ya riƙa ganin hirar. Sannan ki ɗauki hoton da mutum ya sa ki saka a Google Lens ko TinEye. Sau da yawa sai ki tarar hoton wani ne can daban, da wani suna, a wata ƙasa. In kun yi kiran bidiyo na gaisawa, ki ce ya juya kansa gefe, ya sa hannu a fuska, ya faɗi abin da kika ce ya faɗa. Naɗaɗɗen bidiyo ba ya iya wannan. Sai dai yanzu akwai manhajojin sauya fuska, don haka ko ya ci wannan jarrabawar ba shi ke nuna mutumin kirki ne ba. Kuma mutum na gaske ma yana iya naɗar kira.

Goggo_Aissa:
Ni tambayata ga Sani ce, kuma kar ka ji haushi ɗana. Ana ta maganar mutanen waje. 'Yar maƙwabciyata ba ta taɓa shiga wata manhaja ba. Wayarta ta faɗa ruwa ta kai gyara, mai gyaran ya ce ta ba shi lambar buɗewa. Bayan sati biyu hotunan da ta ɗauka a ɗakinta, na gwajin kayan lefe, suna yawo a wayoyin samarin unguwa. Saura kaɗan auren ya lalace. Ku masu gyara me kuke cewa a kan wannan?

Sani_MaiGyara (Garwa):
Goggo ban ji haushi ba, gaskiya kika faɗa, kuma abin yana ci min rai. Akwai marasa tsoron Allah a cikinmu, akwai kuma yaran shago da maigida bai san abin da suke yi ba in ya fita salla. Canjin batir ko wurin caji ba ya buƙatar lambar buɗewa. Canjin allo ma, in an gama sai mai wayar ya buɗe da hannunsa a gwada a gabansa. A cire katin ajiya da layi kafin a miƙa waya. In gyaran na awa ɗaya ne, a zauna a jira. Haka in za a sayar da waya, share hotuna ɗaya ɗaya bai isa ba, a fita daga Google da WhatsApp, a mayar da ita yadda ta fito daga kamfani. Ni a shagona na hana yara karɓar lambar kowa, wanda na kama yana leƙen hotuna ranar zai bar min shago.

Metir_Hamadu:
Na zo a makare. Ta fuskar doka, yaron nan wanda aka zalunta ne, kuma abin da aka yi masa laifi ne a Kamaru. Akwai doka mai lamba 2010/012 ta 21 ga Disamba 2010 kan tsaron intanet da laifukan da ake yi ta cikinsa. Sashe na 74 ya tanadi ɗaurin shekara 1 zuwa 2 da tarar sefa miliyan 1 zuwa 5 ga wanda ya naɗi ko ya watsa abin sirrin wani ba da yardarsa ba. Karɓar kuɗi da barazanar tona asiri kuma laifi ne daban a kundin hukunta laifuka. Wannan ya shafi mai gyaran da Goggo ta ambata, ya kuma shafi tsohon saurayi ko tsohon miji da ke riƙe da hoton mace yana yi mata barazana.

Zai iya kai ƙara wurin 'yan sanda ko jandarma, ko ya rubuta wa mai gabatar da ƙara kai tsaye. Hukumar ANTIC mai kula da fasahar sadarwa ma tana karɓar rahoton irin wannan. Ya tafi da hotunan saƙonnin a buge a takarda, da lambobin, da shaidar tura kuɗi. Ba sai ya ba kowa wayarsa ya yi ta kallon bidiyon ba.

BaSuna_237:
Metir, a takarda haka ne. Ni na je. Abin da ya faru da yaron nan ya faru da ni shekara biyu da suka wuce. A ofishin da na je, wanda ya karɓe ni sai da ya kira abokin aikinsa suka yi ta yi min tambayoyin da ba su shafi ƙarar ba. Na fito na fi jin kunya fiye da yadda na shiga, ban kuma koma ba.

Amma ga abin da zan gaya wa yaron, daga bakin wanda ya ɗanɗana. Na biya sau huɗu, na sayar da babur ɗina. Ranar da kuɗi suka ƙare na ce su yi abin da za su yi, na toshe su. Sun bi ni da sababbin lambobi kusan sati biyu, sannan shiru. Ban ce haka zai zama ga kowa ba, na ji wanda aka tura wa ɗan'uwansa. Amma ni babur ɗina ya tafi a banza, da na tsaya tun ranar farko da yana nan. Dare ukun farko su ne masu wuya. Ka ce masa ana wucewa, ga ni na yi aure, ina da 'ya.

Metir_Hamadu:
Allah ya ba ka haƙuri ɗan'uwa, bai kamata a yi maka haka ba. Shi ya sa nake ba da shawarar rubutacciyar ƙara, kuma mutum ya je da babba, kamar Malam Sani. Ko ba a kama kowa ba, takardar tana da amfani ranar da abin ya fita, tana nuna cewa shi aka cuta kuma ya kai kuka tun da wuri.

Zara_Moursal (Njamena):
Mu a nan Chadi hukumar tsaron intanet ita ce ANSICE, dokokin kuma tun 2015 suke. Amma wani ɓangare nake so in taɓo da ba wanda ya ambata. Akwai masu bin 'yan mata, musamman ɗalibai, da tallan aiki: ki zauna a ɗakinki gaban kyamara, Turawa su biya da dala, ba mai taɓa ki, kuma za a toshe ƙasarki yadda ba wanda ya san ki zai gani. Wata da muka yi makaranta tare ta kusa shiga, saboda kuɗin haya ya sha kanta.

Na ce mata, ke da kika zauna a Njamena daga Maris 2018 zuwa Yulin 2019, lokacin da aka rufe mana WhatsApp da Facebook wata 16, da me muka riƙa shiga? Kowa har mai sayar da shayi ya koyi VPN. To wanda ya tsallake rufewar gwamnati, toshewar wani shafi ce za ta hana shi? Ban da haka, duk mai kallo yana iya naɗa, kuma akwai shafukan da ba su da aiki sai tara irin waɗannan bidiyoyin suna sake ɗorawa. Shafin kuma sai ya karɓi hoton katinki da fuskarki kafin ya biya ki. Shi ɗan tsakiyar da ya kawo ki, sau da yawa da sunansa ake buɗe asusun, kuɗin na shiga hannunsa, bidiyon ma yana hannunsa. Ranar da kika ce kin daina, ranar zai nuna miki ko shi wane ne. Magana zarar bunu ce, hoto ya fi ta.

Injiniya_Farcha (Njamena):
Zara ta gama magana. Masu kallon ma ba su tsira ba. A 2015 an fasa shafin Ashley Madison, na masu aure da ke neman na waje, aka watsa bayanan mutum sama da miliyan 30, har da waɗanda suka biya dalar Amurka 19 don a share su. A 2016 aka sake fasa kamfanin AdultFriendFinder, asusu sama da miliyan 400. Duk wanda ya sa imel ɗinsa na aiki ko katin bankinsa a irin wuraren nan, ya ɗauka wata rana za a iya karanta sunansa a fili.

Akwai kuma saƙon imel da ke yawo tun 2018, a ce maka an shiga kyamararka an ɗauke ka, har a rubuto wata tsohuwar kalmar sirrinka don ka tsorata, a ce ka biya da kuɗin intanet na Bitcoin. Wannan ba su da komai, kalmar daga wani tsohon shafin da aka fasa suka samo ta. Canza ta kawai za ka yi. Ya bambanta da na yaron Malam Sani, inda suka nuna bidiyon.

Malam_Buba_Marwa:
To kun gani. Duk ilimin da kuka kawo, inda na fara nan ya dawo.

ɗanDang:
Malam, a kan shafukan tsiraici na yarda da kai ɗari bisa ɗari, babu wata dabarar da ke sa su zama amintattu. Amma masu neman aure irin Anti suna nan, kuma za su ci gaba da shiga, gara su san abin da za su kiyaye. Layi daban da imel daban, ba wanda ke jikin kuɗinki da danginki ba. Kar a sa hoton da ke Facebook, don da shi za a gano shafinki. A duba bayan hoto, ƙofar gida, allon shago, rigar makarantar yara, lambar babur. A kashe wa manhajar izinin ganin wuri da lambobin waya, domin a gari kamar Gaundare ko Gidar, in ta nuna "kilomita 1" an kusa nuna ƙofar gidanku. Hoton da aka tura a matsayin fayil yana iya tafiya da bayanin inda aka ɗauke shi. A WhatsApp a kunna tabbatarwa mai mataki biyu, kuma lambar nan 6 da ke zuwa ta saƙo ba a ba kowa ita, ko ya ce shi ma'aikacin kamfani ne. In an ce sauke wata manhaja ta wani linki don "mu yi hira a ɓoye", kar a sauke, ta nan ake kwashe lambobi da hotuna.

Hajiya_Domayo:
Ka manta babba ɗana, haɗuwa ido da ido. Yanzu ba zamanin da ba ne, kowa ya san yadda satar mutane don kuɗin fansa ta addabi wajen Tuboro da wasu sassan Adamawa. Ba mace kaɗai ba, namiji ma ana iya kiransa da muryar mace zuwa inda ba zai dawo da wayarsa da babur ɗinsa ba. Wanda ke son ki ya zo zauren gidanku da rana ya gaida manya. In daga wani gari yake, ya faɗi unguwarsu da masallacinsu da wanda ya san shi. Daga Marwa zuwa Duwala babu garin da Bahaushe zai rasa wanda zai tambaya.

Alhaji_Kusiri:
Na janye maganata ta ɗazu, MaiKiyos ka yi gaskiya. Ni yarana nake tunani, babban shekararsa 15 kuma yana da waya. Yau zan zauna da shi.

Maman_Ihsan:
Alhaji in ka zauna da shi, ka fara da cewa ko me ya faru ya zo wurinka, ba za ka kore shi ba. Mutanen nan da tsoron iyaye suke cin abinci.

Sani_MaiGyara (Garwa):
Jama'a barkanmu da yamma, ga yadda ake ciki. Jiya mun adana komai, mun yi abin StopNCII, mun toshe su, ya rufe shafinsa. MaiKiyos, lambar ta ƙasar nan ce, kuma sunan wata mata ne ya fito. Azahar ta wuce. Wajen ƙarfe uku wata sabuwar lamba ta rubuto, wai an yi masa rangwame ya kawo jaka 30. Bai amsa ba, mun ɗauki hoton saƙon mun toshe. Zuwa yanzu ba wanda ya kira shi daga dangi. Metir, gobe da safe zan raka shi da takardar.

Saura abu ɗaya da ya hana shi barci. Sunan yayan yarinyar yana cikin jerin. Ya je ya same shi tun yanzu ya faɗa masa da bakinsa, ko ya yi shiru ya jira?

BaSuna_237:
Ya yi shiru. In ba su tura ba, ya tona wa kansa asiri a banza. Abin da Allah ya rufe kar ya buɗe.

Hajiya_Domayo:
Ni kuwa ina ganin gara a ji daga bakinsa. Ba sai ya faɗi komai ba, ya ce wasu 'yan damfara na yi masa barazana, in an turo wani abu kar a buɗe. In yayan mai hankali ne zai riƙe.

Goggo_Aissa:
In kuma ba mai hankali ba ne fa Hajiya? Kafin magariba uwar yarinyar ta ji, kafin isha'i unguwa ta ji.

Malam_Buba_Marwa:
Ba a umarci mutum ya bayyana zunubin da Allah ya suturta masa ba. Ya tuba tsakaninsa da Ubangijinsa. Amma in aka tambaye shi, kar ya yi ƙarya.

Zara_Moursal (Njamena):
Kowa na maganar yayan. Ita yarinyar fa? Sunanta ma yana cikin jerin, kuma ita ce za ta buɗe saƙon ita kaɗai a ɗaki in ya zo.

Sani_MaiGyara (Garwa):
Na karanta masa duka. Ya ce zai fara gaya wa kawunsa, wanda ya nema masa auren, su yanke tare. Yanzu muka fito daga masallaci, za mu wuce gidan kawun a Rumde Ajiya.